Barandar da Ke Cikin Gilashin Baba

Auta yana durƙushe a gaban wata baƙar mota, gwiwarsa ɗaya a kan kwalta mai zafi, wayarsa ta sake ɗaukar ruri a aljihu. Bai taɓa ta ba. Ya san Yaya ce, tun safe take nemansa.

"Ka goge min wannan ƙyallin, Mai-hoto," in ji dillalin motocin, yana tsaye a inuwa yana firfita da hula. "Mai saye kujeru yake son gani, ba gajimare ba."

"Na ji."

Ko bai faɗa ba ma an riga an goge. A bakin kyamarar Auta akwai wani zagayayyen gilashi mai duhu-duhu, wanda masu hoto ke kira filta. Ɗaura shi ake yi kamar murfin kwalba, bayan an ɗaura kuma yana juyawa. In ka tsaya a karkace da mota ka murza shi a hankali, duk ƙyallin rana da inuwar gine-ginen da suka kwanta a jikin gilashinta sai su narke, cikin motar ya fito tas, sama ta ƙara shuɗi, fenti ya zama kamar yau aka fesa shi. Da wannan Auta yake ci yake sha. Motocin sayarwa, gidajen haya, shagunan da ake neman mai kamawa, shekara da shekaru. Yatsunsa sun daina shawara da shi. Ido na shiga kyamara suke murzawa.

Wayar ta sake ruri. Ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa.

"Auta, kai wane irin mutum ne? Katafila ta shigo layin."

"Yaya, ina kan aiki."

"Kullum kana kan aiki. Furfura a gemu, amma har yau sai an bi ka da magana kamar ɗan firamare. Yau za su rushe shagon Baba, yau ɗin nan. Inna ta tambaye ni har na rasa ƙaryar da zan ƙara yi mata."

Ya lumshe ido. Shagon gyaran agogo ne na mahaifinsu, a rufe yake tun rasuwarsa, Inna ta hana a ba kowa haya. Yanzu za a faɗaɗa titi, an bi shagunan ɓangaren duka an shafa musu jan fenti. Ita kuwa Inna, tun da ciwo ya shanye mata ɓarin jiki ba ta sauka daga gado sai an ɗaga ta. Abu ɗaya ta roƙa, a ɗauko mata hoton shagon kafin ya tafi.

"Ta ce daga kwanar da bas ke tsayawa," in ji Yaya. "Ta faɗa, ta sake faɗa. Daga kwanar."

"Na ji, daga kwanar."

"Jin naka ne ban yarda da shi ba."

Ya ƙarasa motar, ya rataya jaka, ya hau babur ɗinsa bayansa na masa ciwo.

Rana na tsaka ya isa layin. Daga can ƙarshe katafila ta riga ta cinye kantin taya da ɗakin aski, tana tafe tana tari kamar tsohon mai asma. Shagon Baba na nan a tsakiya, ƙarami, da katon gilashinsa na gaba wanda Baba ya fi ji da shi fiye da rigar jikinsa. Auta ya tsallaka titi ya tsaya a kwanar, jikin ƙarfen da bas ke tsayawa. Ya ɗaga kyamara.

Tarkace ya gani. Gilashin ya kwashi rabin unguwa ya ɗora wa kansa: wayoyin lantarki, wani bene mai hawa biyu, shanyar mutane, farin sama. Ba ka ganin komai na ciki. Yatsunsa suka murza filta, tarkacen ya yi baya ya ɓace, shagon ya buɗe. Ga teburin Baba da fitilarsa mai lanƙwasasshen wuya. Ga kujerarsa da ya ɗaure ƙafarta da waya. Ga bango cike da ƙusoshi, kowace da zagayen tabo inda agogo ya daɗe a rataye.

Auta ya danna, ya duba allon. Rabon da ya ɗauki hoton da ya burge shi har ya manta. Ya ɗauka a tsaye, ya ɗauka a kwance, ya matsa gaba, ya koma baya, kowanne fes kamar babu gilashi a wurin. Sannan ya juya babur ya nufi gidan Yaya, inda Inna ke jinya.

Ɗakin Inna na warin man zafi da sabulu. Fanka na juyawa tana ƙas-ƙas, keken guragu a naɗe a bayan ƙofa, kwalaben magani a jere kan faranti. Yaya na zaune bakin gado da rigar aikinta ta asibiti, ko cirewa ba ta samu ta yi ba, idanunta sun faɗa.

"Ga mai gemun banza ya iso," ta ce.

"Sannu da gida, Inna. Ya jikin?"

"Ka ɗauko?" Maganar Inna na fita a ɗan karkace tun ciwon, amma ana ji.

"Na ɗauko. Ki gani da idonki, ko jarida sai haka."

Ya durƙusa, ya kunna allon bayan kyamarar ya riƙe mata. Yaya ta gyara mata tabarau. Inna ta duba. Ya wuce zuwa na gaba, ta duba. Ya sake wucewa. Fuskarta ba ta motsa ba.

"Ina gidan?" ta ce.

"Wane gida, Inna? Shagon ne."

"Daga ina ka ɗauka?"

"Daga kwanar, yadda kika ce."

"To ina gidan?"

Auta ya dubi Yaya. Yaya ta ɗaga kafaɗa. Inna ta ture kyamarar da hannunta mai lafiya, ta juyar da kai wajen bango, sai da ta huta sannan ta yi magana.

"Lokacin da nake aiki a masaƙa, kuna ƙanana. Ina saukowa daga bas ƙafafuna kamar na aro. Ba na tsallakawa nan da nan, sai in jingina da ƙarfen nan in dubi shagon. Daga wurin, gidan da muke haya yana fitowa a jikin gilashin. Barandarmu tana sauka daidai kan teburin babanku. Shi yana sunkuye yana tsintar ƙananan ƙarafansa, ku kuna saman kansa kuna leƙe ta ƙarfen baranda, ke kin riƙe wa wannan wando kada ya faɗo. Kallo ɗaya, na gan ku duka. Sannan in samu ƙarfin tsallaka titi." Ta ja numfashi. "Cikin shagon me zan yi da shi? Ni na share shi shekara nawa."

Benen nan mai hawa biyu. Shanyar mutane. Tarkacen da Auta ya goge ke nan.

"Inna, ai ƙyalli ne kawai. Cire shi na yi don hoton ya fita."

"Wa ya aike ka?"

Auta ya jawo kyamarar jikinsa.

"Na ce ka ɗauko min abu, ka je ka cire min gida."

Yaya ta fizge kyamarar tana dannawa da sauri. "Ba ka bar ko ɗaya ba? Ko na kuskure?"

"Ba na kuskure irin wannan," ya ce, sannan ya ji yadda maganar ta fito.

"Ka ji shi. Gwani."

"Ku bar shi," in ji Inna, ta rufe ido. "Ya wuce."

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara, ya karɓi kyamarar ya jefa a jaka.

"Ina za ka?" in ji Yaya.

"Ba su kai kan shagon ba tukuna."

"Tsaya, da ni za a je. In na bar ka kai kaɗai, wannan karon titin za ka goge."

Ta leƙa ta kira maƙwabciyarsu ta zauna da Inna, ta zura takalmi, ta haye bayan babur tana addu'a a bayyane.

Hanya ta ƙi. An tare babban titi saboda rusau, motoci sun cushe a ƙananan layuka, kowa na danna oda kamar ita za ta buɗe hanya. Auta ya bi ta gefen kwata, ya kutsa tsakanin wata motar ruwa da bango, madubinsa ya gogi siminti. Yaya na dukan bayansa.

"A hankali! Asibitin da nake aiki ba na son in koma shi a kwance!"

"Ke kika ce za ki zo."

"Na ce zan zo, ban ce zan mutu ba."

Rana ta karkata sosai kafin su shiga layin. Auta ya taka birki, ya sauke ƙafa.

Shagon na tsaye, amma babu gilashi. Bakinsa a wangame yake kamar an cire masa haƙori. An fito da teburin Baba da kujerar an yar a bakin titi. Katafila na kan shago na biyu kafin nasu, ƙura na tashi.

"Innalillahi," in ji Yaya a hankali.

Auta ya waiga. Can gefe wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, an jera mata ƙofofi da tagogin da aka ɓalle. A jingine a jikinta, an yafa masa tsohon bargo, ga gilashin Baba, ko tsagewa bai yi ba.

Foman ɗin aikin, shugaban leburorin, yana zaune kan bulo, hular kwano a gwiwa, ƙura ta mai da girarsa fara. Auta ya yi sallama ya yi masa bayani a gaggauce. Mutumin ya saurara ba tare da ya ɗago ba.

"Malam, so kake in mayar da gilashin da na sha wuyar cirewa, don ka ɗauki hoto."

"Na ɗan lokaci kaɗan."

"Katakon da ke riƙe da shi mun ɓalle, ga shi can a guntu-guntu. Da me zai tsaya? Da addu'a?"

"A riƙe shi da hannu."

Foman ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta. "Tun asuba muke nan. Yaran nan ko hannunsu ba sa iya ɗagawa. Ga gilashin can, ɗauke shi hoto a inda yake, kyauta."

"Ba gilashin ba ne, abin da ke fitowa a jikinsa ne. Sai yana mazauninsa."

"To Allah ya ba da haƙuri."

Yaya ta matso, ta riƙe ƙugu. "Bawan Allah, tsohuwa ce a kwance. Ba gida ta roƙa ba, ba fili ba. Kai ba ka da uwa?"

"Ina da ita, Hajiya, kuma ita ma jirana take in koma da ƙafafuna biyu. In gilashin nan ya faɗo wa wani, ke za ki ɗinke shi?"

"Ni zan ɗinke shi mana, aikina ke nan."

Leburorin da ke zaune kusa suka kwashe da dariya. Wani dogo a cikinsu, mai tsumma ɗaure a ka, ya nuna jakar Auta da haɓa.

"Wannan kyamarar ta gaske ce, ko irin ta 'yan biki?"

"Ta gaske ce."

"In mun riƙe maka, za ka ɗauke mu? Mai kyau fa, wanda za a tura gida. Matata cewa take ba aiki nake zuwa ba, yawo nake."

"Zan ɗauke ku ɗaya bayan ɗaya."

"Har da katafila a bayana?"

"Har da ita."

Dogon ya miƙe yana kaɗe wando. Wasu uku suka bi shi, suna gunaguni suna murmushi. Foman ya dube su, ya dubi katafila, ya tofar da ƙurar bakinsa.

"Ba zan tsayar da ita ba. Tana gama wancan da na kusa da ku, kanku za ta yo. In na busa usur ku fito, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba."

Auta da Yaya suka kinkimi teburin suka mayar ciki, ita tana nishi tana tsine wa nauyinsa. Ya ajiye kujerar a inda sawun ƙafafunta ya ci siminti. Fitilar ba a gan ta ba, wani ya riga ya yi gaba da ita. Leburori suka ɗauko gilashin a hankali, biyu ta kowane gefe, suka tsayar da shi a bakin shagon.

Auta ya ruga ya tsallaka zuwa kwanar. Da ya juyo sai ya tsaya cak. Da tsakar rana benen fari fat ya fito, ba fasali. Yanzu rana ta sauko ta bugi fuskar benen, ya yi ja kamar garwashi, cikin shagon kuma ya yi duhu. Lokacin tashi daga masaƙa ke nan. Abin da Inna ke gani ke nan.

Sai dai babu kowa a barandar. An kwashe shanyar ma.

"Yaya! Baranda!"

Ta gane. Ta tattare rigarta ta nufi benen da gudun da rabonta da shi tun tana budurwa.

Ya kama filtar zai kwance ta gaba ɗaya, ya huta da ita. Ta ƙi. Ya sa ƙarfi, zoben waje na juyawa, na ciki ko motsi. Shekaru bai taɓa cire ta ba, ƙura da gumi sun haɗe ta da bakin kyamarar. Ya sa gefen riga, ya sa haƙori, a banza.

"Mai-hoto, hannu fa ba ƙarfe ba ne!" dogon ya ƙwala daga can.

Auta ya bar kokawar. Ya kai ido, ya murza filtar ta koma inda bai taɓa barinta ta tsaya ba. Benen ya taso a jikin gilashin da ƙarfi, ya fi yadda ido ke ganinsa, har ya haɗiye teburin da kujerar. Ya dawo da ita baya, gidan ya dushe, teburin ya fito. Can gida babu shago, nan shago babu gida. Abin da yake nema yana wani wuri a tsakani, kuma yatsunsa ba su san wurin ba, sai zamewa suke zuwa inda suka saba. Ya riƙe zoben da yatsa biyu kamar mai ba jariri magani, yana matsawa kaɗan-kaɗan.

Ga shi. Tebur a ƙasa, bene a kansa. Amma barandar ta haye sama, tana kan bango.

"Ku sunkuyar da shi gaba kaɗan! Kaɗan! Ya yi yawa, ku koma! Na hagu, ɗaga naka!"

"Wane hagun? Naka ko namu?"

"Kai mai jar riga!"

"Ai sai ka ce mai jar riga!"

Barandar ta sauko, ta zauna daidai kan teburin. Tana rawa. Hannayen leburorin ne ke karkarwa, gidan duka na kaɗawa kamar a cikin ruwa. Filtar kuma tana da halinta, tana cin haske, sai kyamara ta daɗe ido buɗe kafin ta ƙoshi, duk abin da ya motsa a lokacin ya zama hazo. Ya danna. Ya duba. Hazo. Ya ƙara wa kyamarar ƙarfin gani, ya san hoton zai yi tsakuwa-tsakuwa, dillali ko kyauta ba zai karɓi irinsa ba. Ya jingina kafaɗa da ƙarfen tashar, ya matse gwiwar hannu a ciki.

Katafila ta ture bangon shagon kusa. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta taso ta rufe komai.

"Malam!" Foman ya miƙe, usur a hannu.

"Bari ƙurar ta lafa! Don Allah!"

A cikin gilashin, ta bayan ƙurar, wani farin abu ya fito barandar. Yaya ce da rigar asibiti. Wata mata na bayanta tana magana da hannu biyu, da alama ba ta gama yarda da baƙuwar da ta faɗo mata gida ba. Yaran matar biyu suka kutso ta ƙarƙashin hannunta suka manne da ƙarfen baranda suna kallon katafila, ƙaramin ya zura kai waje, Yaya ta cafke masa wando ba tare da ta duba ba.

Iska ta ja ƙurar gefe. Auta ya ɗauke numfashi.

Bas ta zo ta tsaya a gabansa.

Ya ga fuskarsa a jikin tagarta, baki buɗe. Mutane na sauka a natse, wata tsohuwa na lallaɓa kwandonta, kwandasta na jayayya da wani a kan canji. Auta ya daki jikin bas ɗin da tafin hannu.

"Direba, matsa! Don girman Allah matsa!"

"Titin na ubanka ne?"

"Shagon ne na ubana! Matsa!"

Bas ta ja, ta bar masa hayaƙi. Usur ya tashi. Ta cikin hayaƙin ya ga leburorin na duban Foman, gilashin ya fara karkata.

"Ku riƙe! Dogo, riƙe!"

Ya danna, ya danna, ya danna. Usur ya sake tashi da ƙarfi. Leburorin suka janye gilashin suka yi gefe da shi da gudu-gudu, Foman da kansa ya shiga ya jawo teburin waje, kujerar ce ba a samu dama ba. Katafila ta ɗaga hannu ta sauke a kan rufin. Shagon bai yi gardama ba, ya durƙushe.

Auta ya zauna a bakin kwata. Bai duba allon ba. Dogon ya zo ya tsaya a kansa yana murza kafaɗa.

"To, Mai-hoto. Saura alkawari."

Ya tashi. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a gaban katafila, kowa ya gyara tsayuwa ya haɗe rai kamar soja. Foman ya ce shi ba ya so, sannan ya sa hular kwanonsa ya shigo layi. Yaya ta dawo tana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannu.

"Matar nan ta ɗauka allurar rigakafi na zo yi wa yaranta. Hoton ya fita?"

"Ban duba ba."

"Duba mana."

"A gida."

Suka kama hanyar gida. Ta kwantar da goshi a bayansa, har ya yi zaton barci ta yi.

Sauran hasken yamma na jikin labule suka shiga ɗakin Inna. Maƙwabciya ta yi musu sannu ta fita. Inna ta dube su, ƙura tun daga gashi har ƙafa.

"Daga kabari kuke?"

Auta ya durƙusa ya kunna allon. Na farko hazo. Na biyu rabin bas. Na uku gilashin ya karkace, sama kawai ya kwaso. Ya wuce, ya wuce. Sai ga ɗaya.

Ba shi da kyau. Ya yi tsakuwa, gefensa ya yi duhu, ƙura ta sa komai ya yi ja. A kowane gefen gilashin ga yatsu baƙaƙe sun damƙe shi, har da rabin fuskar dogon yana cije leɓe. Amma teburin na nan, kujerar na nan, a samansu kuma baranda ta zauna, da mace cikin farar riga da yara biyu, ɗaya an riƙe masa wando.

Inna ta karɓi kyamarar da hannunta mai lafiya, ta kusantar da ita har tabarau na taɓa allon. Fanka na ta ƙas-ƙas. Yaya ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina da gado.

"Sun canja fentin baranda," in ji Inna.

"Sun canja."

"Da kore ne. Wannan launin bai yi ba." Ta ƙara dubawa. "Ina fitilar babanku?"

"An ɗauke kafin mu je."

"Mutane ba sa barin komai." Babban yatsanta ya bi gefen allon a hankali. "Waɗannan hannayen fa?"

"Leburori ne suka riƙe mana. Zan iya yanke su in na zo wankewa, in gyara hasken, in rage..."

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Kada ka sake ka cire min komai."

Yaya ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ido a rufe.

"Ka wanko shi babba," in ji Inna. "Wanda zan gani daga nan ba sai na nemi tabarau ba."

"To. Kawo kyamarar in tafi da ita, gobe da safe in kai."

Ba ta miƙo ba. Ta kwantar da ita a ƙirji, allon na kallonta, ta ɗora hannu a kai.

"Inna, ta aiki ce fa."

"Na sani. Je ka wanke fuskarka, ka yi kama da katafilar."

Bai je ba. Ya zauna a ƙasa kusa da Yaya, ya fara kwance igiyar takalminsa, ya gama ɗaya, ɗayan ya bar shi haka. Can allon ya mutu da kansa. Inna ta taɓa Auta da gwiwar hannu.

"Kunna min."

Ya miƙa hannu ya kunna.